Goron da Ya Cinye Haƙƙin Sallau

Akwai wata baiwar Allah a Tsarnawa, Tsahara sunanta, matar wani manomi da ake kira Sallau. Abin ya faru ne 'yan shekaru bayan samun mulkin kai, lokacin da aka fara yin siminti a Malbaza, manyan motoci suka cika hanyar Konni suna kai da kawowa. Ni dai duk sanda na tuna labarin nan sai in ji bakina ya yi ɗaci. Amma bari in ba ku, ku ma ku ɗanɗana.

Sallau ba mai yawan magana ba ne. Gero da dawa da wake, su ya sani, kuma ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Tsahara ce mai bakin gidan. Tana sayar da fura a ƙofar lakwal, wato makarantar boko, kuma in ta ga abin da bai yi mata ba, sai ta faɗa ko da za a yanka ta.

Wata Laraba, ranar kasuwar Konni, Sallau ya kai wake ya sayar, yana komowa gida da jakinsa a gefen hanya bayan la'asar. Sai ga wata babbar mota ɗauke da siminti. Direban ya kauce wa rami, motar ta hau gefe, ta kwashe su shi da jakin. Jakin ko shurawa bai yi ba. Sallau kuwa ƙafarsa ta dama ta karye a ƙasan gwiwa, har ƙashi ya huda fata ya leƙo.

Kafin Tsahara ta iso a guje, ko mayafi babu, mutane sun taru. Wani daga cikin matafiya yana ta faɗin kada a motsa motar, a aika Konni a kira jandarma su zo su auna wurin su rubuta, don haka doka ta ce.

Ashe mai motar yana ciki, a gaba kusa da direbansa Chindo. Sunansa Wada, mutumin Konni ne, ana ce masa Wada mai motoci. Ya sauko, ya tuɓe babbar rigarsa sabuwa fil, ya lulluɓe Sallau da ita, jini yana ɓata ta bai ko kula ba. Har da hawaye.

“Ku ji tsoron Allah,” in ji shi. “Mutum shina zubar da jini, ku ce a jira jandarma su zo awo da igiya? Ku kama mini shi.”

Aka ɗora Sallau bisa buhunan siminti a cikin motar da ta buge shi, motar ta juya ta bar wurin. Jama'a sai sa albarka suke yi. Tsahara ma ta sa masa albarka, kuma wannan albarkar har ta koma ga Allah ba ta daina cizon yatsa a kanta ba. Ba ta san cewa da motar nan ta motsa, shaidar farko ta tafi ke nan ba.

Ba asibiti Wada ya nufa da shi ba, gidansu na Tsarnawa ya mayar da shi. Ya ce likitoci ba abin da suka iya sai yanke ƙafa, shi kuwa ya san wani maɗori a Tajaye wanda hannunsa ke da albarka. Washegari da sassafe ya sa aka ɗauko maɗorin a mota. Aka ja ƙafar, Sallau yana salati, aka shafa man shanu, aka jera karan dawa aka ɗaure. Maɗorin ya yi iyakar abin da ya sani, ba ruwansa. Sai dai karayar da ƙashi ya fito waje ba ta kara da tsumma ba ce. Kuma tunda likita bai gan shi ba, ba wanda ya rubuta irin raunin da ya ji. Shaida ta biyu ma ta bi 'yar'uwarta.

Sallau yana da wa, Munkaila. Irin mutanen nan ne da ba su noma sai surutu, ba su rasa taron suna ko na mutuwa, kuma duk inda aka ajiye kwano hannunsu ne na farko. Tun ranar da abin ya faru ya naɗa kansa wakilin gida. Duk wanda ya zo dubiya sai ya bi ta zaurensa.

Daga nan Wada ya kama zuwa duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Zai zo da goro a ganye, fari da ja, da kan sukari, wani lokacin da sabulu. Ya zauna a bakin tabarmar Sallau, ya kira shi ƙanena, ya tambayi ƙafa, ya yi addu'a mai tsawo. Da Sallah ya aiko wa Tsahara da turmin atamfa. Kayan duk a zauren Munkaila suke fara sauka, abin da ya tsallake shi ke isowa ɗakin majinyaci. Garin duk ya ɗauka: kun ga mai arziƙin da ya san Allah.

Damina ta zo, Sallau yana kwance. Tsahara ce ta shiga gona da 'ya'yanta, abin da suka iya nomawa suka noma, sauran ciyawa ta cinye.

Wata rana malamin lakwal, wani mai suna Mamane da aka turo daga Yamai, yana sayen fura ya tambaye ta jikin maigida. Ya kuma tambaya ko an biya su diyya. Ta ce wace irin diyya kuma, ai mai motar yana kawo goro. Malamin ya ajiye ludayi ya dube ta. Ya bayyana mata cewa duk motar da ke kan hanya tana da inshora, wato kamfanin da ke biyan wanda motar ta ji wa ciwo. Amma sai an kai magana gaban hukuma, da takardar jandarma da ta likita. Kuma abin yana da wa'adi. In shekarun da doka ta yanka suka wuce ba a kai ƙara ba, ko ƙafar ka ɗauko a hannu ka kai, alƙali ba zai saurare ka ba. Ya ce har yanzu da sauran lokaci, tunda waɗanda suka ga abin suna nan da ransu, amma su hanzarta.

Ranar Tsahara ko furar ba ta ƙarasa sayarwa ba. Ta zo ta faɗa wa mijinta. Sallau ya ce a kira Yaya.

Munkaila ya zo ya ji, ya tashi kamar zai ci babu. Ya ce wannan ai butulci ne da ko arne ba zai yi ba. Mutumin da ya tuɓe rigarsa ya rufe ka, ya ɗauko maka maɗori, bai taɓa fashin Juma'a ba, shi za ka kai gaban jandarma? Da wane ido za a dubi mutanen gari? Ya ce a gidansu ba a gaji ƙara ba, kuma mai haƙuri shi kan dafa dutse. Ya juya ga Tsahara ya ce mace in ta cika zama a ƙofar lakwal, sai ta fara jin ita ma mai ilimi ce.

“Yaya,” in ji Tsahara, “goro munka gani. Goro shina noma gona?”

Ya ce da Sallau ya ja wa matarsa kunne. Sallau kuwa, Allah sarki, kunya ta riga ta ɗaure shi tamau fiye da karan maɗori. In baki ya ci, ido kan ji kunya. Ya ce a bari tukuna.

Munkaila bai kwana da maganar ba, sai da ya kai ta Konni. Ba a jira Juma'a ba, sai ga Wada da kansa. Bai yi fushi ba ko kaɗan, murmushi ma yake yi. Ya ce ai shi ya riga su, tuni ya shigar da maganar ga kamfanin inshora a Yamai, takardu suna can suna tafiya daga buro zuwa buro, wato ofis-ofis. Aikin Yamai sai haƙuri. Amma in suka kuskura suka je wurin jandarma yanzu, to sun rikita komai, sai an koma farko. Ya dafa kafaɗar Sallau ya rantse da Allah cewa haƙƙinsa ba zai salwanta ba matuƙar yana numfashi.

Ku dubi ƙarfin hali, jama'a. Da sunan Allah ya rantse, a gaban mutumin da ke kwance ƙafarsa na ruwa.

Tsahara ba ta yarda ba, amma me za ta yi? Ita ba mai ƙara ba ce, mijinta ne. Malam Mamane kuma aka yi masa canjin wurin aiki zuwa Illela. Duk sanda ta tayar da zancen, sai a ce takardu na Yamai.

Ƙafa kuwa ba ta san Yamai ba. Ta ƙi haɗewa, ta kumbura, ta fara wari har yara suka daina shiga ɗakin. Tsahara ce ke wanke ta safe da yamma, tana korar ƙuda da mafici, tana haɗiye amai don kada ya gani. A shekara ta biyu, da ta ga baƙi ya fara hawa sama, ba ta nemi shawarar kowa ba. Ta ari amalanke ta kai shi asibiti a Galmi. Likitan ya buɗe tsumman ya kawar da kai, ya tambaya ina suke tun tuni. Aka yanke ƙafar daga saman gwiwa. Abin da aka ce ana gudu, shi aka tarar.

Wada ya zo har asibitin, da goronsa da sukarinsa. Ya yi kuka. Ya ce yanzu ma diyyar za ta fi kauri, tunda abin ya kai ga yankewa, sai dai dole a sake aika sababbin bayanai Yamai. A ƙara haƙuri.

Haka aka ci damina uku.

Wata ranar kasuwa, bayan an gama girbi, Munkaila ya dawo daga Konni fuska sai ƙyalli, da cinyar rago a ƙunshe. Ya ce Wada ne ya yi sadaka a tasha, ya ce a kawo wa ƙanensa. Tsahara ta dafa, ta yi romo da yaji da albasa. Sallau ya sha ya yi gumi, ya ce rabonsa da jin daɗin abinci haka tun kafin tsautsayin. Ya sa wa Wada albarka.

Juma'a ta zo, ba Wada. Wata Juma'ar ta sake zuwa, shiru. Goro ya yanke kamar an sa wuƙa. Da aka ga wata biyu ba labari, Tsahara ta ce wa mijinta ko ya tashi su tafi, ko ta ɗauke shi a baya ta ratsa kasuwa da shi. Ya ɗauki sandunansa.

Sun sami Wada a tashar Konni, zaune a kujera cikin 'yan kamasho, ana yi masa fifita. Sallau ya yi sallama, ya tsaya da ƙafa ɗaya. Wada ya dube shi sama da ƙasa, ya amsa a daƙile, ya juya ya ci gaba da zancen tayar mota. Da Tsahara ta ambaci takardun Yamai, sai ya ce wane takardu? In suna da magana, hanyar gidan shari'a ba a ɓoye take ba.

Suka tafi. Magatakardan kotun ya saurare su da kyau, bai wulaƙanta su ba. Ya tambayi takardar jandarma, babu. Ya tambayi ta likitan da ya fara ganinsa, babu, sai ta Galmi, wadda ba ta san da wata mota ba, ƙafa ruɓaɓɓiya kawai ta sani. Ya ce duk wannan da an iya lallaɓawa da shaidu. Sai ya tambayi lokacin da abin ya faru. Da suka faɗa, ya lissafa, ya ajiye alƙalami.

Ya ce wa'adi ya wuce. Da kafin girbi suka zo, da an karɓa. Ya kuma ce babu wata magana tasu da ta taɓa zuwa ko'ina. Abin da ya fi ba shi mamaki, in ji shi, shi ne da mai motar ya kai rahoto tun farko, ba daga aljihunsa za a biya ba, kamfanin ne zai biya. Ya ce da Tsahara, rana ba ta ƙarya, baiwar Allah, sai dai ku yi haƙuri.

Haƙuri kuma. Tsahara ta ji kalmar kamar an watsa mata ruwan kwata.

Suna fitowa, wani mutum ya biyo su ya durƙusa. Chindo ne, direban. Wada ya kore shi tuni, kuma abin ya daɗe yana cin sa. Shi ya fasa musu ƙwan. Ya ce ba komai ya sa Wada ya ƙi jandarma ba sai don kada a tsare masa mota na 'yan kwanaki ana tsakiyar jigilar siminti, da kuma taƙamar da yake yi cewa sunansa bai taɓa shiga buron jandarma ba. Tun makon farko ya je ya tambayi masana iya tsawon wa'adin, ya riƙe ranar a kansa. Goron nan duk na jiran rana ne. Da ranar ta wuce, ya yanka rago a tasha aka yi walima. Munkaila ma yana wurin, ya ci ya ƙoshi, har aka ba shi cinya.

Tsahara ta tuna romon. Ta tuna da hannunta ta daka yajin, ta tuna gumin mijinta da albarkar da ya sa. Nan a bakin katangar kotu ta durƙusa ta yi amai.

Tir da wannan hali. Kura ma in ta ci akuyarka ba ta aiko maka da ƙafa ka yi miya.

Suka koma gida. Bayan kwana biyu Sallau ya sa aka kira liman da Munkaila, ya yi maganar da ta fi kowacce tsawo a rayuwarsa.

“Ƙafa na yafe, tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Chindo ma na yafe mishi. Amma rantsuwar da anka yi mini, da goron, da naman, ban yafe ba. Sai Wada ya tako da ƙafarsa, tunda shi shina da biyu, ya zauna inda ya saba zama, ya faɗi abin da ya yi da bakinsa. Ranar zan yafe, ko sisi ba ni so.”

Maganar ta kai Konni. Aka ce Wada ya yi dariya ya ce gurgu ya samu abin yi.

Sallau ya koma tufkar igiya a gindin bishiyar bedi a ƙofar gida. Duk Juma'a bayan masallaci sai ya sa a shimfiɗa tabarma ta biyu kusa da tasa. Tsahara tana jin haushin tabarmar nan kamar ta ƙona ta, amma tana shimfiɗawa. Shekaru suka tafi, aka shiga shekarun fari, rumbuna suka bushe, masu ƙafa biyu ma da ƙyar suke tsayawa. Sallau ya rame, tari ya kama shi.

A shekarar ne Wada ya yi niyyar Makka. Kun san al'adarmu, maniyyaci kan bi gida gida ya nemi gafarar waɗanda ya saɓa wa kafin ya tashi. Malaminsa ya gaya masa gaskiya ba kwana-kwana: Allah yana yafe abin da ke tsakaninsa da bawa, amma haƙƙin mutum sai mutumin. Ya ambaci Sallau da suna.

Gaban Wada ya faɗi, amma girman kai bai bar shi ba. Sai ya aiki Munkaila da ƙwaryar goro. Sallau ya mayar, ya ce tabarma na nan. Wada ya ce to, bayan kasuwar Laraba. Laraba ta wuce, ya ce sai motarsa ta dawo daga Sakkwato. Ta dawo, ya ce baƙi sun yi yawa. Gaskiyar ita ce yana ƙyamar a gan shi durƙushe gaban mai tufkar igiya. Ya saba da jan lokaci, kuma jan lokaci bai taɓa ba shi kunya ba. Tsahara ta aika masa cewa jikin maigidan ya yi tsanani. Ya ce a gaishe shi, yana nan tafe.

Sai ana gobe zai wuce Yamai ya hau jirgi, da hantsi, motarsa ta tsaya a ƙofar gidan. Ya fito da farar riga, wani na biye da shi da ƙwaryar goro. Ya tarar da maza zaune a ƙasa a gindin bedi, ƙafafunsu duk jar ƙasa, ana wanke fartanya da magirbi. Yanzun nan aka dawo daga maƙabarta.

Wada ya tsaya kamar an dasa shi. Ya dubi liman, liman ya sunkuyar da kai. Ya nemi a yi masa iso ga mai takaba. Tsahara ba ta fito ba, daga bayan zana ta amsa. Wannan karon kukan gaske yake yi. Ya faɗi komai, motar, rantsuwar, ragon, a gaban jama'a, ba wanda ya tambaye shi. Ya roƙe ta ta yafe masa a madadin mijinta, ko me take so zai ba ta.

Ta bari sai da ya gama.

“Wada,” ta ce, ba Malam ba komai, “ba ni anka yi wa rantsuwa ba. Mai abin ya jira ka, jiya ma sai da ya sa na shimfiɗa maka tabarma. Ni ba a bar mini yafiyarsa in raba ba. Ka san inda ya tafi, kai ma can za ka. In kun haɗu ka faɗa mishi.”

Wada ya juya ga liman yana tambaya ko akwai wata hanya, ko sadaka, ko azumi. Liman ya ce ya yi duk abin da zai iya, Allah mai rahama ne, amma bakin da zai ce na yafe, ƙasa ta rufe shi da safen nan.

Ya tafi Makka ya dawo, aka koma kiransa Alhaji. Direbobinsa sun ce har ya tsufa, in mota ta zo Tsarnawa sai ya rufe fuska da rawani har a wuce.

Ƙwaryar goron kuwa a nan gindin bedi ya bar ta. Ba wanda ya taɓa. Har Munkaila, wanda bai taɓa barin goro ya kwana ba, ya zo ya tsaya a kanta, ya duba hagu da dama, ya ga idon mutane, ya wuce. Tana nan har goron ya bushe ya yi baƙi, Tsahara ta kwashe ta zuba a juji.

Darasi: In mota ta ji wa naka ciwo, a kira hukuma kafin a motsa komai, a kai shi ga likita, a kuma kai magana inda ta dace tun lokaci bai ƙure ba. Karɓar gaisuwa ba laifi ba ne, amma kada kunya da goro su rufe maka baki, don doka ba ta jiran mai kunya. Kai kuma da ka danne haƙƙin wani kana jan lokaci, ka sani neman gafara ma yana da ranar da ƙofarsa ke rufewa, kuma ba a sanar da kowa ranar. Ku tura wa 'yan'uwa su karanta, wataƙila akwai wani Sallau da ke zaune yanzu yana jiran takardun Yamai.